Wasiyyar Saani, Jikan Mai Riƙon Laima

Da sunan Allah. Ni Saani na unguwar Morrisania a Amurka, tsohon direban tasi, ina rubuta wannan a shekarar 2016 da hankalina garau. Gwiwa ta ƙi, zuciya ta fara gardama, amma kai lafiyarsa lau.

Na ɗaya. Hawawu ƴata, lauyata. Kin yi suna wajen tsaya wa ƴan asalin ƙasar Amurka a kotu, har kika ƙwato musu makabartar kakanninsu. Ranar da na gan ki a talabijin sai da na yi hawaye. Amma barazanar kai ƙaninki Abukari ƙara kan littafinsa, ki janye ta. Na bar miki ɗakin nan tare da rigimar mai gidan haya kan hitar ɗumama ɗaki. Ni ya gagare ni; ke ki gwada masa aikinki.

Na biyu. Abukari. Na tura ka karatun tarihin sarakuna don ka tabbatar wa mutanen unguwar Harlem cewa mu jinin sarauta ne. Ka je har Gana, ka tona, ka dawo ka buga cewa kakanmu laima yake riƙe wa sarki. Yanzu ko yayyafi aka fara a ƙofar masallaci, kowa ni yake waiwayowa. Na yafe maka. Hular kakan taka ce, kuma ka daina cewa ɗinkin kasuwa ne.

Na uku. Abdul-Fatawu, likita. Bincikenka kan sikila ya taimaki ƴaƴan mutane, Allah ya saka. Sai dai da na tofa maka yawu a kwalba, cewa ka yi lafiyata za a duba. Ashe da yawun ƴan gidan sarautar ka gwada don gano asalinmu, ka goyi bayan Abukari, ka kuma hana ni gishiri. Tukunyar wakye, shinkafa da wakenmu, taka ce. Ka zuba abin da ya kamata.

Na huɗu, shi ne babba. Tun rasuwar mahaifiyarku ba ku sake sa hannu a kwano ɗaya ba. Wannan ya fi ciwon damuna. Kowace Juma'a ku ci abinci tare. Hawawu ta bar hujja a ofis, Abukari ya bar matattu su huta, likita ya kau da kai daga manja.

Ku binne ni kusa da mahaifiyarku. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku ƴaƴa masu jin magana fiye da nawa. Wanda ya yi fashin cin abincin Juma'a, na riga na roƙi liman ya bi shi har wurin aiki ya yi masa nasiha, kuma kun san liman ba ya duba agogo.