Keken Ɗinkina na Tudun Wada

Daga Alƙahira

Maman Zakiyya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna, ya yara?

An sake yi mini aikin gwiwar ranar Talata. Ƙarfen da aka sa ne ya saki, shi ya sa ƙafar ta sake lanƙwashewa. Kada ki damu, da sauƙi, sai dai har yanzu a kwance nake salla.

Likita ya tambaye ni wahalar da na ba ƙafar. Kunya ta hana ni faɗa masa na koma taka keken ɗinki.

Yanzu kam na haƙura, amma kada ki sayar da shi. Idan na kira ranar Juma'a, ki roƙi maƙwabcinmu Ndatsu ya taka shi, in ji ƙararsa.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Mika'ilu