Hoton Kaka Ɗanbala

Zuwa ga Yaya Fuseini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya a Kano, Allah Ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Mu nan unguwar Maamobi lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba, kuma bakina ne ya jawo.

Ka san ɗana Saddique yana neman Afrakoma, 'yar ƙabilar Asanten nan da ta musulunta. Ni duk mahaifinta na yi ta lallaɓa, ashe a wurinsu dangin uwa ne ke yanke magana. Ranar Lahadi kakarta ta wajen uwa ta taso daga Kumasi don ta ga gidanmu. Ta ci tuwo, ta yi raha, sai idonta ya kai kan hoton Kaka Ɗanbala, kakan Baba, da jar dararsa ta soja. Ta tambaya ko wane ne. Yaya, ka san ni da surutu. Na gyara zama na ce ai jarumi ne, yana cikin sojan Hausawa da Turawa suka shiga Kumasi da su a yaƙin 1900, yadda dai muka saba yi wa baƙi alfahari. Tsohuwa ta wanke hannu a hankali, ta ce a yaƙin nan aka ƙone ƙauyensu, aka tafi da kakan uwarta, har yau ba su san kabarinsa ba. Ta tashi ta tafi, ko ruwan sallama ba ta sha ba.

Tun ranar Saddique ko abinci ba ya ci. Ya roƙe ni in ce musu kuskure na yi, wai Kaka bafataken goro ne. Na kasa. Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga, kunya da haushin kaina sun hana ni zama.

Kai ka zauna da Baba fiye da kowa. Don Allah ka faɗa mini, Kaka ya harba bindiga ne, ko kaya kawai aka ɗora masa? Kada ka sassauta mini. Ranar Juma'a zan hau mota a tashar Tudu in tafi Kumasi, kuma ko me ka ce, shi zan durƙusa in faɗa wa tsohuwar nan, ko da auren zai tafi.

Ka gaishe mini da Samiratu da yara, da Inna Zuera.

Taka ƙanwa,
Mas'uda