Ramukan Layin Baba

Litinin, 7 ga Afrilu

Mai Jan Biro ya kira ni ofishinsa, ya ce in turo ƙofa. Duk ranar da shugaban sashenmu ya ce a turo ƙofa, na san ba shayi za a ba ni ba. Maganar rahoton hanyoyi ce. Hukumar yanki ba ta ba gari kuɗin gyaran hanya sai garin ya nuna yana kula da nasa: cikin kowane layi goma, shida su fito a "mai kyau" ko "matsakaici". Layukanmu ɗari biyu ne, ana neman ɗari da ashirin. Ni kuma wata biyu ina gasuwa a rana da tef ɗin awo, ɗari da sha huɗu na samo. Idan muka gaza, an cire mu har shekara uku, gadar asibiti da ake ta jira ta bi ruwa ke nan.

Ya ce, "Ba ƙarya na ce ki yi ba. Ki sake duba shida da idon rahama. Ki zaɓi inda mutanensa ba su da surutu."

Na ce to. Ni da bakina.

Laraba, 9 ga Afrilu

Biyar ba su ba ni wahala ba, dama a bakin gaɓa suke. Na shidan ne ya zaunar da ni har aka tashi aiki.

Na sa layinmu, layin gidan Baba. Na goge "lalatacce" na rubuta "matsakaici".

Na ce wa kaina ai don kada a ce na fifita gida ne. Ƙarya nake. Na zaɓi mutanen layinmu ne don su kaɗai na tabbata ba za su zo ofis su yi mini tsiya ba. Kuma na fi kowa sanin cewa layin da aka rubuta matsakaici ya fita daga jerin gyara.

Juma'a, 11 ga Afrilu

An tura rahoto. Na kasa cin abincin rana.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na je gaida Baba. Mai tasi ya sauke ni a bakin titi kamar kullum, ya ce motarsa ba jirgin ruwa ba ce. Tun da ƙafar Baba ta shanye, duk ranar asibiti Yaya ne ke goya shi daga ƙofar gida zuwa bakin titin nan. Baban da ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota.

Na same shi a kujerarsa ta ƙofar gida, shi da mai wanki da tsohon malamin makaranta. Yana hango ni ya ɗaga sanda. "Ga Injiniya nan! Ku tambaye ta da kanku, kwalta ta kusa ko ba ta kusa ba?"

Na ce ana kan aiki, Baba. Mai wanki ya ce shi har ya fara tunanin inda zai riƙa shanya idan motoci suka yi yawa. Suka yi ta dariya, ni ma na yi. Kunya kamar in nutse cikin ramin da ke gabana, kuma da na shiga da ya ɗauke ni.

Talata, 22 ga Afrilu

Hukumar yanki za ta turo mai bincike ranar Litinin. Yana zaɓar layi goma ya taka da ƙafarsa, ya ga ko rahoto ya yi daidai da ƙasa. Jerin ya iso yau. Na bakwai, layinmu.

Mai Jan Biro ya dube ni ta saman tabarau. Wani ɓangare na zuciyata har daɗi ya ji. A kama ni kawai in huta.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Bakina ne ya ja mini. A waya na ce wa Yaya babban baƙo zai zo duba layin tare da ni. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun iso wajen ƙarfe sha ɗaya, ni da mai binciken, wani dogo mai hula da ƙaramin littafi. Na shirya abin da zan ce idan ya ga ramukan. Muka karya kwana, sai na tsaya cik.

Babu rami ko ɗaya. An cike su da ɓaraguzai da jar ƙasa, an daddaɓe, an yayyafa ruwa, an share. Lambatun da ya shekara biyu a toshe an yashe shi tas. Ga baro biyu jingine a katanga, ga mutanen layi sun fito cikin tsabtatattun kaya.

Baba ya yafito ni, ya rage murya. "Kwana uku muna yi. Ba za ki kawo manyanki su ga gidanku haka ba, a raina ki a wurin aiki." Tafin hannunsa duk ya kukkumbura. Yaya ya ce daga zaune ya riƙa farfasa bulo da guduma, an hana shi ya ƙi.

Mai binciken ya taka layin daga farko har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya sa alama. Har ya ce mini, "Da kowace unguwa haka take, da mun huta."

Na ce haka ne.

Talata, 29 ga Afrilu

Ban je aiki ba. Na ce ciwon kai.

Litinin, 5 ga Mayu

Takarda ta zo, garinmu ya tsallake. Za a yi gadar asibiti. Mai Jan Biro ya sayo lemo ya raba, ya yabe ni a gaban kowa. Gadar nan ana bukatarta, wannan ba na musu. Amma na duba jerin gyara har sau uku, kamar sunan layinmu zai tsiro da kansa.

Na tambaye shi ko ana iya gyara matsayin layi bayan an tura. Ya ce akwai fom na sake dubawa, sai dai duk wanda ya cike shi zai bayyana a gaban hukumar ya faɗi yadda aka yi awon farko ya kuskure, kuma suna iya sake buɗe rahoton gaba ɗaya. "Ke dai ki sha lemonki," in ji shi.

Alhamis, 8 ga Mayu

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yaya ya ce jar ƙasar duk ta tafi, ramukan sun dawo har da ƙari. Ya zame da Baba a bayansa a hanyar asibiti. Ba su faɗi ba, ya dafa katanga. Yana ba ni labari yana dariya.

Asabar, 10 ga Mayu

Na je gida da safe. Ba wani shiri na yi ba, tef ɗin dama yana cikin jaka, fom ɗin ma ban san lokacin da na ɗauko shi ba.

Na durƙusa gaban kujerar Baba na faɗa masa duka, har dalilin da ya sa na zaɓe su. Ban iya ɗaga kai ba.

Ya ce, "Wato ranar nan ƙaryarki muka share wa hanya."

Na ce e, Baba.

"Yanzu me ya kawo ki?"

Na ce awo zan sake.

Ya sa Yaya ya ɗauke shi da kujerar, ya ajiye shi a bakin rami na farko. Ya miƙo hannu na ba shi bakin tef ɗin. Mutanen layi suka fara leƙowa, mai wanki yana tambaya ko wani baƙon ne zai zo. Baba ya ce masa a'a, wannan karon ba wanda zai taɓa shebur.

Rami arba'in da ɗaya. Na rubuta kowanne, faɗi da zurfi, na sa hannu a ƙasa. Ban san me zai faru ranar Litinin idan na miƙa fom ɗin ba, ban ma tabbata kujerata za ta kai ƙarshen wata ba.

Da muka gama ya miƙo mini tef ɗin bai dube ni ba. Ya ce in shiga ciki in wanke ƙafata, duk taɓo ne.