Inna, Takwararki Ta Iya Rakiya

Zuwa ga Inna, a makwancinki na Tasawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda kika koya mini, ko da yake gwiwoyin yanzu sai an lallashe su kafin su yarda. Mu nan Riyad lafiya lau muke, sai zafi, shi kuwa ba ya ɗaukar hutu.

Na san ba kya son doguwar shimfiɗa, don haka ga labarin: ɗanki ya shiga jirgin ruwa. Ba fatauci ba, ba aikin hajji ba, yawo kawai. Irin jirgin nan ne da ke zagaya teku da mutum, a yi ta ciyar da shi har ya gaji, sannan a dawo da shi daidai inda aka ɗauke shi. Ina jin abin da za ki ce, cewa tafiyar da ba a kai saƙon kowa ba ai ba tafiya ba ce.

Takwararki ce ta jawo. 'Yata Ummi, wadda kika sani a hoto kawai da haƙora biyu, yanzu tana aiki a ɗakin magani na wani asibiti. Ta ce tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin ni da mahaifiyarta mun je wani wuri ba tare da an yi rasuwa ko haihuwa ba. Ta matsa mini har na karɓo izinin fita da dawowa a hannun kafilina, ubangidan da takarduna ke ƙarƙashinsa. Jirgin zai tashi daga Jidda, ya zaga Bahar Maliya, ya dawo Jidda. Ni da na tsufa ina gyara kurakuran littattafan mutane a wata maɗaba'a a unguwar Gubaira, na karanta labarin teku ba iyaka, amma ruwa mafi girma da na taɓa shiga shi ne tafkin bayan garinmu, shi ma kin zane ni a kansa.

Ana cikin shiri sai Baba Isuhu ya aiko a kira ni.

Ke kin san shi, amma masu karanta wasiƙar nan tare da ke ba su sani ba. Shi ne ɗan unguwarmu da ya tarbe ni a unguwar Manfuha ranar da na sauka Riyad, ya ba ni rabin katifarsa. Buhunan albasa yake ɗauka a kasuwar Aziziya tun kafin in zo. Ranar da Allah ya karɓe ki, ikamata, wato takardar izinin zamana, tana wurin sabuntawa, ba ni da hanyar fita. Shi yana gida hutu. Shi ya kama makararki ta gefen da ya kamata in kama. Da ya dawo bai yi mini dogon bayani ba, cewa kawai ya yi: «Na riƙe maka gefenka.»

To, ƙirji da gwiwa sun ƙi aiki, an yi masa takardar fita ta ƙarshe, wadda a nan ake ce wa huruj niha'i. Zai koma gida ke nan, ba dawowa. Ranar tafiyarsa kuwa ita ce daidai ranar da jirginmu zai dawo Jidda. Abokan ɗakinsa duk suna bakin aiki a ranar, ba mai sakinsu. Tsohon zai bar ƙasar da ta cinye ƙarfinsa shi kaɗai a bayan tasi.

Na ce a fasa yawon. Ya ce in na kunyata yarinyar nan bai yafe ba. Na je na yi masa bankwana tun da wuri, amma kin fi kowa sanin bankwana daban, rakiya daban.

Ke ko aron rariya mace ta zo yi sai kin taka mata har bakin lungu. Muna yara muna yi miki dariya a ɓoye, mu ce wata rana za ki raka baƙo har gidansa, shi ma ya rako ki, a yi ta yi har kaka.

Ranar da na baro gida, motar ta ƙi cika a tasha tun hantsi har la'asar. 'Yan rakiya suka zame ɗaya bayan ɗaya. Kika tsaya a rana. Da motar ta tashi, an gaya mini ƙannena sun ja hannunki, kika ce: «Ku je ku, ni ina ganin ƙeyarsa tukuna.» Ba ki kira sunana ba, ko a ranar.

Don haka na zauna na tsara yaƙi. Takardar jirgin ta ce za a iso Jidda da asuba. Na samo jirgin sama na safe zuwa Riyad. Mu sauka, mu faɗa tasi, mu ɗauko Baba Isuhu a Manfuha, mu kai shi filin jirgi. Na zayyana wa Ummi tsarin nan da muryar da nake gyara wa marubuta nahawu. Ta saurare ni da irin haƙurin da take yi da majinyacin da ya riga ya karanta ciwonsa a waya. Sannan ta ce da Hausarta mai ɗingishi: «Baba, jirgi ne zai iso da asuba, ba mu ba.»

Ta bayyana mini cewa tun jajibere ake kwashe akwatunan mutane, kashegari a yi ta kiran jama'a rukuni-rukuni, sannan ga layin fasfo tunda mun fita daga ƙasar, ga kuma hanyar filin jirgi. Wanda ya yanki tikitin safe, in ji ta, ya sayi gudu ne kawai. Na ce mata 'yar Riyad ba za ta gane abin da mutumin nan yake a wurinmu ba. 

Kashegari da ta tashi daga aiki ta sa yayanta ya kai ta Manfuha. Ta tsuguna ta gaida tsohon, ta yi masa tambayar da ni mai karatun ban yi ba: ta ina jirginsa zai bi? Ya ce ta inda ya saba bi mana, daga Riyad zuwa Jidda, ya yi zaman jira, sannan ya hau na Kano, daga can mota ta ƙarasa da shi. A Jidda ma za a buga masa hatimin fita. Ta ce masa to, a can za mu tarbe shi. Ni tunda na ji an ce Kano, sai na zaci daga ƙofar ɗakinsa zai tashi sama.

Ta dawo ta yanki mana tikitin komawa Riyad na bayan magariba. Duk wanda ya ji sai ya ce ai kun bar wa kanku lokaci da yawa. Ita ba don jirgin ruwan ta zaɓe shi ba. Jirgin farko ta nema wanda zai tashi bayan na Baba Isuhu ya tashi.

Yawon kansa ba zan cika ki da shi ba. Surukarki ta kwana ɗaya tana jiri tana cewa a sauke ta, daga nan ta warke ta zama ita ke nuna wa mutane hanyar ɗakin cin abinci. Duk garin da aka tsaya sai ta sayo tsaraba, har da ta mutanen da muka daina gaisawa. Ni kuwa na tsaya na kalli tekun da kyau. Littattafan ba su yi ƙarya ba, sun dai manta su ce yana sa mutum tuna uwarsa.

Ranar dawowa jirgin ya iso da asuba, kamar yadda takarda ta ce. Muka yi salla, muka karya, muka zauna a wani babban zaure muna kallon Jidda ta taga. Aka kira waɗancan, aka kira waɗannan. Da muka fito, akwatin tsarabar surukarki ne ya zo ƙarshe, yana tafe a hankali kamar mai jin nauyin abin da ke cikinsa. Rana ta kusa tsaka. Jirgin saman da na zaɓa a lokacin ya riga ya sauka Riyad. Na saci kallon Ummi. Ba ta kalle ni ba, Inna. Wannan ma tarbiyya ce.

A mota na yi ta kiran wayar tsohon, a kashe take. A filin jirgin Jidda muka tsaya a ƙofar masu saukowa, mutane na ta wucewa. Can sai ga shi a ƙarshen layi, cikin farar rigar nan da ya ajiye shekara da shekaru, da jaka ɗaya a kafaɗa, yana tafe yana hutawa. Da ya gan mu ya tsaya cak. Ashe bai yarda za mu zo ba, ya ɗauka lallashin tsoho ne aka yi masa.

Muka yi azahar tare. Surukarki ta buɗe akwatin nan a tsakiyar jama'a ta raba tsarabar biyu, rabi na jikokinsa. Daga ranar na daina yi wa akwatin ba'a. Ummi ta nemo masa keken tura marasa ƙarfi, ya ce shi da ya ɗauki albasar rabin Riyad ba za a tura shi kamar buhu ba. Ta ce ai shi ya sa yau ranarsa ce. Ya hau.

Da lokaci ya yi muka kai shi iyakar inda ake barin 'yan rakiya. Muka yi musabaha, ya ƙi sakin hannuna, ni ma na ƙi sakin nasa, har mai tura keken ya yi gyaran murya. Suka shige. Na juya don kada a ga fuskata, na ce mu je mu nemi shayi.

Ummi ba ta motsa ba. Tana tsaye jikin gilashi, ta ɗaga dunduniya. Ta ce: «Istanna, Baba, dakata. Bai tafi ba, ina ganin hularsa.»

Ban taɓa ba ta labarin tasha ba, Inna. Ban taɓa ba kowa ba. Da hular ta ɓace ta koma gaban allon jirage ta tsaya, har aka rubuta cewa na Kano ya tashi. Sannan ta ce yalla, mu tafi gida.

Na daɗe ina tsoron cewa sunanki kawai na iya ba ta. Hausarta ta karkace, ba ta san hanyar rijiyar unguwarmu ba, fura ma da cokali take sha. Ashe abin da ya fi muhimmanci ya iso ba tare da ya biyo ta hannuna ba.

Baba Isuhu ya sauka lafiya. Ya ce in ya huta zai zo ya gaishe ki, ya ba ki labari. Kin san shi, ba zai wuce kalma uku ba, shi ya sa na riga shi.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya sa duk takun da kika yi a bayan baƙo ya zame miki haske. Allah ya ba Baba Isuhu lafiya ya ci gajiyar hutunsa. Allah ya raya mana takwararki. Ranar da tawa tafiyar ta zo, Allah ya sa a samu mai tsayawa har a daina ganin ƙeyata. Ina jin na san wadda za ta tsaya.

Naki,
ɗan farin da ba ki taɓa kiran sunansa ba,
daga Gubaira, Riyad.