Kallon Gefen Ido

Zuwa gare ka Baban yara, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyina, fitilar ɗakina da aka ɗauke tun ban gama shimfiɗa ba. Allah Ya kai haske kabarinka.

Ka san ni ba gwanar rubutu ba ce, amma yau bakina cike yake da labari, kuma kai kaɗai nake so in ba. Wa zan tara in ce masa na gani? Wa zai tafa hannu ya yi min dariyar nan taka mai ƙarewa da tari?

Madubin hangen taurarinka, wanda nake kira bututu don in tsokane ka, tun rasuwarka yana bayan ƙofa cikin tsohon bargonsa. Ko shara nake yi, kewaye shi nake. Ƙafafunsa uku da ka sassaƙa a shagonka har yanzu ƙamshin katako suke yi, ƙamshin rigarka in ka dawo daga aiki. Wayyo ni, ashe katako ma yana sa mutum kuka!

Ka tuna yadda kake ɗaukata a babur duk lokacin da wata ya ɓuya, ina rungume da bututu kamar jariri, mu tafi filin ƙwallon bayan gari inda fitilun titi ba sa kaiwa? Ga mai kemis da matarsa, ga malamin lissafi, ga Dogo direba, kowa ya ɗaure wa tocilarsa jar leda don kada haske ya kashe ido. A tsakar gida ka taɓa nuna min ramukan wata, na gani. Ka nuna min Kaza da 'ya'yanta, na ga ashe 'ya'yan nata sun fi ƙarfin ƙirga. Amma abin da ka fi so, wanda ka ce gari guda ne na taurari can nesa da namu, shi ya ƙi ni. Ka saita, ka ja da baya, in zuba ido har ya kawo ruwa, in ce maka baƙi kawai nake gani. Sai ka ce laifina zuru nake yi masa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, shi kuwa mai kunya ne, sai an kalli gefensa yake fitowa. Ni kuma in ce a ina aka taɓa ganin abu ta hanyar ƙin kallonsa? A gadon asibiti ma ba ka bar zancen ba. Ka ce bana sai na gan shi kafin ya gangara yamma ya ɓace. Na ce to, tare za mu je. Ka yi murmushi kawai.

Makon jiya matar mai kemis ta zo ta ce fita ɗaya ta rage, daga ita sai baɗi. Na ce mata ba zan iya ba. Da ta tafi na zauna ina kallon bargon nan, na ji kunyarka ta kama ni.

Na je, masoyina. Malamin lissafi ya ce bari ya saita min bututun, na ce ya bari. Ƙafarsa ɗaya da ta fi gajarta ta yi ta rawa, na laluba jaka, sai ga kwalin da kake naɗewa ka tokare ta, da lanƙwasar hannunka a jikinsa. Na bi hanyar da ka koya min, daga kusurwar manyan taurari huɗun nan masu fasalin akwati in taka taurari biyu, in haura biyu. Na sa ido. Baƙi ƙirin! Na zuba masa zurun nan nawa har wuyana ya ƙage, zuciyata tana cewa na saɓa maka ke nan.

Sai Dogo ya yi tari a hagun ɗina, daidai inda kake tsayawa. Ban ɗago kai ba, idona ne kawai ya zame ya tafi nemanka. Sai ga garin taurarin nan naka! Ɗan fari-fari, dogo, a karkace, kamar hucin baki a jikin gilashi. Na juyo in kalle shi sosai, ya gudu. Na kau da ido, ya dawo. Ashe gaskiyarka ce, Baban yara! Me ya sa sai da babu kai na yarda?

Yanzu na gane abin da ke faruwa da ni a gida. In na tsura wa hotonka ido, takarda ce kawai. Amma in ina wanke-wanke, ko ina ninke kaya, sai in gan ka ta gefen ido a bakin ƙofa, kana kakkaɓe garin katako daga hularka. In na waiga, babu kowa. To na daina waigawa. Don Allah kai ma kada ka daina tsayawa a wurin.

Baɗi in da rai zan koma filin, kwalinka na cikin jakata. Hagun ɗina kuwa ba mai tsayawa a nan, wurinka ne har ranar da za a kawo ni kusa da kai in kalle ka ido da ido, ba ka gudu ba.

Taka ce jiya, taka ce yau,
Maman yara