Na Saƙa wa Jariran Gari Hula, Yanzu Ba a Kirana Suna

Anti Umma,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani, don yanzu haka akwatina yana bakin gado, na zuba rabin kaya na tsaya. Sunayen da zan ambata duk na canza su, ko da yake wanda ya san Yelwa ba zai sha wahalar gane ni ba.

Ni mai saƙar kwarashi ce a Yelwan Yauri, na ba arba'in baya. Da safe ina koyarwa a cibiyar mata, da la'asar kuma a tsakar gidana ga duk wadda ta zo. Ba na kwaikwayon littafin kowa, zanena daga kaina yake fitowa. Mahaifina masunci ne, a gefensa na tashi yana gyaran taru, shi ya sa nake da wani zane da na sa wa suna idon taru, da ɓawon karfasa, da kan albasa wanda nake yi wa hular jarirai. In kika ga jariri a goye ranar kasuwa da hula mai tsini a ka, to ko hannuna ne ko hannun wadda na koya wa. Har Shanga da Wara 'yan ajina sun kai shi. Ba yabon kai ba ne, abin da nake da shi ke nan a duniya.

Maigidana, Malam Mamuda, ya rasu shekara shida ke nan. Allah bai ba mu haihuwa ba, ko ɓari ban taɓa yi ba. Na yi kukana na share hawaye, na ce tunda ban haifa ba, ɗiyan gari su ne ɗiyana. Duk wadda ta haihu a unguwarmu ko cikin 'yan aji, ranar suna zan je da hula da safa da rigar sanyi da mayafin goyo, kowane jariri da zanensa. Ulu ya yi tsada, sai an yi saƙo Kontagora ake samun mai kyau, amma ban taɓa zuwa suna hannu rabbana ba. Kuma ban taɓa yarda a ba ni komai ba. Me zan yi da shi, ni kaɗai? Akwai wata ɗalibata Marka, mijinta masunci ne, ta taɓa ɗauko mini banda cikin kwando tun daga bakin ruwa, na ce ta mayar wa yara, su suka fi buƙata. Wata ta kawo albasa, na karɓa don kunya, washegari na aika mata da murfin kwano guda biyu na saƙa. Haka nake, ba na son nauyin kowa a kaina.

To Anti, tun bara na fara lura ana haihuwa ba a aiko mini. Sai dai in ji guɗa daga bayan katanga, in ji ana daka, in ga yara suna wucewa da kwanukan tuwo. Da fari na ce mantuwa ce. Kuma lokacin ne aka ba mu jiha, matan ma'aikata da muke hira da su duk suka bi mazajensu Birnin Kebbi, sai na ɗora wa wannan laifin shirun gidana. Yanzu tabarmar da take ɗaukar mata goma ni kaɗai nake zama a kanta. Wani lokaci ina ƙirga idon saƙa da ƙarfi don dai in ji murya a gidan. Shinkafa ma na daina aunawa, da tafin hannu nake ɗiba.

Abin da ya karya ni shi ne na Zulaihatu. Yarinyar nan tun tana budurwa ta zo hannuna, ko riƙe kwarashi ba ta iya ba, yau ta fi ni saurin hannu. Ni na saƙa mata shimfiɗar gadon aure. Haihuwarta ta fari da ta biyu ni na yi kayan. Inna take kirana in ba kowa. Da ta samu ciki na uku na zauna na fitar da sabon zane, ruwan toka da fari kamar tafki da sassafe, na gama na ninke na ajiye ina jiran ɗan aike. Ta haihu, aka yi suna, ban ji ba sai a bakin mai kawo mini ruwa. Gidansu da nawa ko takalmi ba sai na sa ba.

Ranar kasuwa na ci karo da mahaifiyarta, Inna Kulu, wadda ta zo yi mata wankan jego. Na gaishe ta, na kasa daurewa na tambaya ko laifi na yi. Ta kama bakin mayafi ta ce, "Malama, sau ukku kina yi muna, mu ko guda ba mu yi maki ba. Da wane ido za mu kira ki?" Na ce mata ni ban ce a biya ni ba, na wuce, don hawaye sun zo. A raina na ɗauka magana ce ta rufe baki. Abin da nake zargi, kuma yana cin raina, shi ne sun fara gudun hannun wadda ba ta haihu ba a kan jariransu. Kin san bakin mutane.

Ƙanina Lawali yana cikin waɗanda aka mayar Birnin Kebbi daga Sakkwato. Ya ce in tattara in koma wurinsa, akwai ɗaki, kuma ana neman masu koyar da sana'a a can. Kabarin mijina a nan yake, kuma ban taɓa kwana inda ba a jin ƙamshin ruwa ba. Amma zama cikin mutanen da ka tufatar da 'ya'yansu suna kauda kai ya fi ƙarfina. Kayan jaririn nan suna ƙasan akwati, na ɗauko su sau biyu zan warware na fasa. In tafi ne, Anti, ko in zauna? Kaɗaici yana nema ya kashe ni da raina.

Taki,
Mai Kwarashi, Yelwa

*

Mai Kwarashi,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Ki ture akwatin nan ƙarƙashin gado tukuna, Birnin Kebbi ba gudu za ta yi ba.

Mu fara cire ƙayar da ta fi zurfi. Ba gudun hannunki ake yi ba, kuma shaidar tana cikin wasiƙarki. Ke kika ce hular kan albasa tana kan jarirai ranar kasuwa. Uwar da take tsoron hannun mace ba za ta ɗora saƙarta a kan maɗigar ɗanta ba. Ban ce ba a samun mai mugun baki ba, ana samu a kowane gari, amma ba shi ne ya hana ɗan aike ƙwanƙwasa ƙofarki ba.

Inna Kulu ta gaya miki gaskiya tsirara, ke ce kika ƙi ji. Ke ma kin san yadda biki yake tsakanin mata: na kai miki yau, ki kawo mini gobe, har ki ɗan ƙara. Da wannan ake riƙe juna, ba da girman kayan ba. Wadda aka yi wa sau uku ba ta rama ba, in ta hango ki sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Matan nan sun duba ba su ga ranar da za su rama miki ba, tunda babu suna babu aure a gidanki. Wannan ba laifinki ba ne, hukuncin Allah ne. Sai suka nemi wata ƙofa, ke kuma kika rufe ta. Ki tuna Marka da kwandonta a ka, ta taho da shi tun daga bakin ruwa ta koma da shi. Me kike jin ta gaya wa mijinta a ranar? Mai albasa kuma kafin ta gama murna kin ninka mata. Kin ce ba kya son nauyin kowa, alhali kin jibga wa unguwa guda nauyin da suka rasa inda za su sauke. Da zuciya ɗaya kika yi, na yarda. Amma zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ki ne, ke kuwa kin hana kowa ganin bayanki.

Ban wanke Zulaihatu ba. Wadda take kiranki Inna bai kamata ki ji haihuwarta a bakin ɗan ga-ruwa ba. Kunya ce ta sa ta, amma ta yi kuskure, kuma ina da tabbacin abin yana damunta a ɗakin jegon nan. Sai dai ke ce babba, kuma zumunta a ƙafa take.

Ga abin da za ki yi. Kayan nan kada ki warware su, kada kuma ki kai su yanzu. Su jira sanyi ya shigo, lokacin da za a karɓe su da dariya. Ki je barka kafin ta yi arba'in, ki zauna, ki ɗauki jariri. In aka kawo kunu ki shanye, ki ce a ƙara. Ki aika wa Marka cewa kina marmarin banda, in ta kawo ki yi godiya ki yi shiru, kada ko zare ɗaya ya bi bayanta. Daga yau kuma hula kaɗai ta isa kayan suna, sauran a saya a hannunki ko a hannun 'yan ajinki.

Sannan ki ba su ranar da suke nema. Kina da 'ya'yan hannu daga Shanga har Wara, ba ki taɓa yaye su a bainar jama'a ba. Ki sa ranar bikin yaye a gidanki, ki aika goro gida-gida, ki faɗa da bakinki cewa ba za ki iya ke kaɗai ba. Ki bar su su yi daka, su ɗora tukunya, su kawo gudummawa, ke ki zauna a tabarma kamar uwar biki. In bayan wannan gidan ya koma shiru, ki tafi wurin Lawali da sa albarkata. Amma in kika tafi yau da halin nan, can ma shekara biyu ta isa ki fara jin guɗa daga bayan katanga.

Na san karɓa za ta yi miki wuya fiye da fitar da sabon zane. Ki daure ki koya, ke da kike koya wa wasu. Ranar da za ki gidan Zulaihatu ki ɗauki kwanonki mafi girma, ki tafi da shi babu komai a ciki, ki miƙa wa Inna Kulu ta cika miki shi.

Allah ya raya jaririn, ya cika miki tabarmarki da mutane.

Anti Umma