Yaya Sanda, Maganar Inna Ta Maƙale a Cikin Faifai

Zuwa ga yayana, Malam Umaru Sanda mai buga takardu, Boɗinga.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ya kamaci ƙanwa a gaban yayanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ce Kulu. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma tun muna yara, in abu ya fi ƙarfina gare ka nake kai shi, kuma har yau ban koyi wata hanya ba.

Maganar kwamfutarka ce. An canja mata ciki, kuma aikin da ka yi a kan Inna, mahaifiyarmu, ya ƙi buɗuwa.

Bari in faro daga baya, saboda waɗanda za su karanta ba su san ka ba.

Zamanin mulkin farar hula na biyu kana akawun buga takardu a sakatariya. Ina tuna ka da farar riga da biro biyu a aljihu. Tafiretar ofis ba ta da baƙaƙenmu masu ƙugiya, don haka duk takardar Hausa da ka buga sai ka bi ta da biro, kana lanƙwasa kan ƙa da ɗa da ɓa ɗaya bayan ɗaya. Abokan aikinka suna yi maka dariya. Kai kuwa ka kan ce, “Ƙasa daban, kasa daban. In ka hana harafi ƙugiyatai, ka hana mutum maganatai.”

Da sojoji suka dawo aka shiga sallamar ma'aikata, sunanka ya fito. Ranar ka dawo gida. Ka ci tuwo, ka yi sallah, washegari ka ɗauki tebur da wata tsohuwar tafireta ka kafa rumfa kusa da tasha. Lokacin ne ake bin layin sabulu da madara tun hantsi har rana ta take. Da wannan teburin ka riƙe gidanka, ka riƙe Inna a Shagari, ka kuma riƙe ni har na gama makarantar horon malamai.

A cikin wannan ƙuncin ne ka fara zuwa wurin Inna da rikoda. Duk Juma'a bayan masallaci ka hau mota zuwa Shagari, ka zauna a bakin ɗakinta tana kaɗi, kana tambaya. Waƙoƙin niƙa da na daka, waƙar da take rarrashinmu da ita, sunayen ganyayen da aka ci a shekarun yunwa, labarin mutanen Horo Birni inda aka haife ta. Da farko ta ƙi. Ta kan ce, “Wanga yaro, mi kaka yi da zancen tsohuwa?” Daga baya ita ce mai aiko maka da saƙo cewa ta tuna wani abu, ka zo kafin ya gudu.

Kaset ɗinka bai fi biyu ba. Ka kwafe abin da ta faɗa a takarda, ka mayar da kaset ɗin ka ɗora sabuwar hira a kan tsohuwa. Ba wanda ya ga laifin haka. Wa yake da halin sayen kaset a wancan lokaci?

Shekaru sun ja kafin kwamfutar ta zo, lokacin rumfar ta zama shago. Wani ofishin aikin gona ne ya rufe aka yi gwanjon kayansa, ka sayar da gonar albasarka ka ɗauko ta haɗe da firintarta mai fitar da rubutu a takarda. Mutanen tasha suka yi ta leƙe kamar an kawo amarya. Amma abin da ya fi faranta maka rai shi ne wani malamin jami'a a Sakkwato da ya haɗa wata manhaja da hannunsa, ya saka maka ita. In ka danna, sai ƙa ta fito da ƙugiyarta, ba sai an bi da biro ba. Ka sa aka kira ni daga makaranta don in gani. Ban taɓa ganin ka yi dariya irin ta ranar ba.

Ka yi shekaru kana zuba maganar Inna a ciki, duk lokacin da aka kawo wuta kuma babu mai jiran aiki. Ba ka buga ta a takarda ba, domin zaren tawada na masu biya ne. Ka ce sai ka gama duka, a kai Zariya a yi littafi. Takardun hirar da ka kwafa daga kaset kuwa, bayan rasuwar Inna aka tara su a ɗakin ajiya, gara ta bi ta ƙasa ta cinye su. Da aka gaya maka sai ka ce babu komai, ai duk suna cikin na'ura.

Sai ciwo ya kwantar da kai, sai Allah Ya karɓi abinSa.

Nasiru ne ya gaji shagon. Ɗanka ya zama magidanci, Yaya, da mata da 'ya'ya, kuma ya ɗauko haƙurinka. Ya ci gaba da aiki da kwamfutar yadda ka bar ta, har ranar da firintar ta mutu murus. Ya kai ta gyara aka ce irinta ta ƙare, ko kayanta ba a kawowa. Ya yi ƙoƙari ya sayo sabuwa. Ya jona ta, kwamfutar ta yi kamar ba ta ga komai ba.

Muka ɗauke ta ni da shi zuwa Sakkwato, wurin wani mai gyara. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta tsufa, sabuwar firinta ba ta jin yarenta, dole a ɗora sabon tsari. Na tambaye shi, to manhajar malamin nan fa, za ta yi aiki a sabon tsarin? Ya ce mai yiwuwa ta yi, mai yiwuwa ta ƙi, ba ya iya rantsuwa. Na ce a gwada kafin a taɓa komai.

Ya kwafe aikinka a ƙananan faya-fayai, ya sa a tasa kwamfutar mai sabon tsari. Yaya, da ka ga abin da ya fito. Ba Hausa ba, ba Turanci ba, ba ajami ba. Wasu 'yan akwatuna da zane-zane kamar sawun kaji a kan rairayi, shafi bayan shafi. Ya kwafo manhajar ita kanta, ta ƙi tashi. Ya ce malamin ya ɗaure ta da tsohon tsari, kuma yadda take ajiye rubutu ita kaɗai ta san shi. Faya-fayanta na asali da ka adana a akwati duk sun yi fumfuna.

Mun nemi malamin. Aka ce ya bar ƙasar tun lokacin da albashi ya daina kai malaman jami'a ƙarshen wata. Wani ya ce yana ƙasar Larabawa, wani ya ce ya rasu. Ni ko cikakken sunansa ban sani ba, kai ma “Dakta” kawai kake ce masa.

Mai gyaran ya ƙara mana da wani abu. Ya sa kunne a jikin kwamfutar ya ce mu saurara. Akwai wani ƙas-ƙas da take yi daga ciki. Ya ce babban faifan da ke riƙe da komai ne ya gaji, kowane kunnawa na iya zama na ƙarshe.

Muka dawo da ita Boɗinga ba a taɓa ta ba. Na sayi littattafan rubutu irin na ɗalibaina, na ce zan kwafe da hannu daga gilashin kwamfutar. In an tashi makaranta sai in wuce shago in zauna a kujerarka. Wata rana a kawo wuta, wata rana in zauna har la'asar ina kallon baƙin gilashi. Man fetur ya yi wuya, ba a maganar janareto. Idanuna kuma ba na da ba ne, in na daɗe sai baƙaƙen su riƙa rawa.

Duk wannan lokaci shagon ba ya aiki. Masu katin biki da masu takardar neman aiki suka koma Sakkwato. Nasiru bai taɓa cewa in yi sauri ba. In na ba shi haƙuri sai ya ce, “Goggo, zancen Inna na, ai ba a yi mai gaggawa.” Daga baya na ji a bakin matarsa cewa ya ari babur yana kabu-kabu tsakanin Boɗinga da Lambara. Ranar na rasa inda zan sa kaina. In na ce ya jira, 'ya'yansa ne za su kwana da yunwa. In na ce ya kai a canja, uwata ce zan rufe wa baki da hannuna. Kai ne mai raba irin wannan gardama, kuma ba ka nan.

Ban kai ga zaɓa ba. Wata ranar Talata ina kwafar labarin shekarar da damina ta yanke, wadda Inna ta baro Horo Birni a ƙasa zuwa Shagari, kai tana riƙe da hannunka, ni ina goye. Ban taɓa jin wannan labari ba, ko kai ba ka taɓa ba ni shi ba. Na kai inda take cewa, “Da munka kai rijiyar Lambara, na aza Kulu ƙasa, na ga ba ta motsi.” Sai ƙas-ƙas ɗin ya yi ƙarfi, rubutun ya tsaya cik. Nasiru ya kashe ya kunna. Layi ɗaya na Turanci ya fito, ba ta ƙara wucewa nan ba.

Abin da na kwafa bai kai rabin rabi ba.

Yanzu an sa mata sabon faifai da sabon tsari. Tana tashi da launuka, firintar tana fitar da aiki tsaf, mutane sun fara dawowa, Nasiru ya mayar da babur. Na yi masa murna har cikin raina, ka yarda da ni. Tsohon faifan mai gyara ya miƙo mini shi a leda, ƙarfe ne da bai fi tafin hannuna ba. Ya ce ba ya jin zai sake juyawa. Ƙananan faya-fayan da aka kwafa suna nan lafiya, sai dai babu abin da zai karanta su, kuma ya gargaɗe ni cewa su ma ba sa son zafi, ba sa daɗewa. Na naɗe su a ɗankwalin Inna na sa a ƙasan akwati. Iyakar abin da na iya ke nan.

Shi ya sa na yarda a buga wannan wasiƙa a jarida, ko da yake na san ba ka son a kai zancen gida waje. Wataƙila cikin masu karantawa akwai wanda Dakta ya taɓa saka wa wannan manhaja, tana nan a wata tsohuwar kwamfuta a bayan ofis an lulluɓe ta. Wataƙila kuma babu. Ka yafe mini.

Makon jiya na je Shagari wurin Inna Tumba, ƙawar Inna, wadda rubutunka ya ce sun yi waccan tafiya tare. Ita kaɗai ta rage. Na durƙusa na gaishe ta, na tambaye ta abin da ya faru a rijiyar Lambara, wa ya taimake su, yaya aka yi na motsa. Jikarta ta raɗa mini cewa tun bara ba ta gane mutane. Sai ta kama hannuna ta kira ni da sunan Inna, ta ce na rame, in zauna in sha fura kafin mu kama hanya, rana ta yi. Na zauna na sha, Yaya. Ban gyara mata ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinku, Ya sa wahalar da ka sha a kanmu ta zame maka inuwa ranar da babu inuwa sai taSa. Allah Ya yi wa Nasiru albarka, Ya buɗa masa. Abin da ya ɓace mana a nan, Allah Ya sa mu ji shi daga bakin mai shi a gidan Aljanna. Amin.

Ƙanwarka mai kewarka,
Kulu.